Rigar Baftisma da Cinyoyin Agwagwa Huɗu

Ni dai tun farko ban ce wa kowa ina son hutu ba. Ɗana Fabien ne ya bugo waya ya ce, "Mama, na kama muku ɗaki ke da Baba a Dordogne, wani tsohon gidan masu hali ne da aka mayar otel. Ku je ku huta."

Na ce, "Na ce maka na gaji ne?"

Ya ce, "Duk rayuwarki kina dafa wa yaran makaranta abinci. Yanzu kin ajiye aiki, ki bari a dafa miki."

Har na buɗe baki zan ce a kai kasuwa, sai ya ƙara da cewa wurin ba shi da nisa da gidan da iyayen matarsa Clémence suke zuwa hutun bazara daga Paris. Nan take na ce za mu je.

Dalilina ɗaya ne. Jikata Apolline ta wuce wata bakwai, har yau ba a yi mata baftisma ba. Duk sanda na yi wa Fabien maganar sai ya ce wai Clémence ta ce a bar yarinya ta girma ta zaɓa da kanta. Na ce masa, allurar rigakafi da kuka yi mata, kun jira ta zaɓa? Sai ya canza magana. Ga kuma rigar. Mahaifiyata ce ta ɗinka ta da hannu, daga yadin rigar aurenta. A cikinta aka yi mini baftisma, da ƙannena, da Fabien, da ƙanwarsa Mélanie. Apolline kuwa Allah ya yi mata jiki, kullum ƙara kumatu take. In aka ƙara wata biyu, rigar ba za ta wuce kafaɗarta ba. Na kuma san Clémence ba ta jin maganar kowa sai ta uwarta, Madam Vauquelin. To, ita zan je na samu, uwa da uwa.

Sau ɗaya na taɓa ganin matar, ranar ɗaurin aure a ofishin magajin gari. Na miƙa mata kumatu mu gaisa da sumba irin ta dangi, ta miƙo mini kan yatsu.

Muka taso daga garinmu Béthune, can arewa, da asuba, mijina Norbert na tuƙi, rigar na kan cinyata a cikin kwali. Ya ce na sa ta a but ɗin mota. Na ce shi ya shiga but ɗin.

Gidan dai ba laifi, in mutum na son dutse. Bango dutse, matakala dutse, ko'ina hotunan matattun maza masu gashin roba, amma ko gicciye ɗaya babu a jikin bango. Gadonmu har da labule, da matasan kai da suka fi na mutum biyar. Mai gidan, Madam Laborie, doguwa ce siririya, tana magana a hankali kamar akwai mara lafiya a ɗakin kusa. Washegari da safe na gyara gado, na goge wurin wanke fuska, na tattaro kofunan da muka sha kofi zan kai kicin, sai ta tare ni a hanya.

"Haba Madam, ajiye. Hutawa kika zo yi."

"Kofi biyu ne kawai."

"Baƙi ba sa shiga kicin. Je ki wurin iyo, ki miƙe ƙafa."

Na je. Na tarar Norbert ya riga ni, ya baje a doguwar kujera kamar ƙadangare, tumbi a sama. Na zauna kusa da shi. Na kalli ruwa. Na kalli bishiya. Wani ɗawisu da ke yawo a lambun ya ƙwala ihu kamar an taka jariri. Na ce, "Norbert, yanzu haka ake yi har yamma?"

Ya ce, "Haka ake yi, Ghislaine. Shi ake kira hutu."

Na tashi na ɗauki waya. A cikin gidan waya ba ta kamawa saboda kaurin bango, sai mutum ya taka har bakin babbar ƙofar waje. Can na tsaya cikin rana na kira Madam Vauquelin. Ta ɗauka. Muka gaisa, ta ce ta ji muna kusa, ta yi murna. Ban yi dogon zance ba. Na ce, "Muna so ku zo dîner ke da Likita ranar Asabar, nan otel ɗinmu." Mijinta tsohon likita ne. Ta ce da farin ciki, ƙarfe nawa? Na ce, "Lokacin da aka saba mana, ba sai na faɗa ba." Ta ce to madalla. Dîner dai abincin rana ne, ko yaro ya sani. Ana buga sha biyu a zauna.

Na koma na samu Madam Laborie na ce mutum huɗu ne dîner ranar Asabar, surukaina ne za su zo, a yi abin kirki. Ta ce za ta yi mana agwagwa da dankali. Na ce yawwa.

Ranar Juma'a Norbert ya matsa sai mun fita kallon gari, wai Fabien zai tambaya. Muka hau wani tsauni zuwa wata tsohuwar fada, gwiwata na ƙara. Muka isa sama, aka nuna mana ɗakunan da babu komai a ciki, aka ce a nan wani ya kwana, a nan aka kashe wani. Daga nan muka shiga kogo mai sanyi kamar firji, a duba shanun da mutanen da suka zana a bango. Kowa na cewa kai, kai. Na ce wa Norbert Fabien ya fi su iya zane tun yana aji biyu. Wata mata a gabanmu ta juyo ta harare ni. Ni abin da nake so na gani coci ne, na kunna kyandir saboda gobe. Ta farko a kulle. Ta biyu a kulle. Ta uku a buɗe, amma cike da masu gajeren wando suna ɗaukar hoto, wani ma yana lasar askirim a gaban bagade. Na dai kunna kyandir ɗina a gaban Budurwa Maryamu na ce, "Uwa, kin san abin da ya kawo ni. Ki sa mini kalmomi masu taushi a baki, don kin san bakina." Norbert ya sayi hular kaba muka dawo.

Asabar na tashi da wuri. Na goge rigar Apolline a kan tawul, na mayar da ita kwali. Na sa shuɗiyar rigata ta zuwa coci, na tilasta wa Norbert ɗaura laktaya a wuya. Kafin sha biyu muka sauko.

Ɗakin cin abinci duhu. Tagogi a rufe, tebura tsirara, ko cokali babu.

Na kira, "Madam Laborie!" Shiru. Na leƙa waje, motarta ba ta nan. Sauran baƙin duk sun fita yawo. Gidan nan kaf daga mu sai ɗawisu.

Norbert ya ce, "Wataƙila ta je kasuwa ne, yau Asabar."

"Kasuwa? Surukaina na hanya ita tana kasuwa? Ta manta, Norbert! Matar nan ta manta da mu!"

"To mu kai su gidan abinci a gari."

"Na ce musu su zo nan. So kake matar ta koma Paris ta ce uwar Fabien ko gayyata ba ta iya ba?"

Na tura ƙofar kicin. Ya ce, "Ke, an ce baƙi ba sa shiga." Na ce, "Riƙe mini jaka."

Kicin ɗin dai tsaf, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Na buɗe firji, sai ga cinyoyin agwagwa huɗu a jere cikin kitsensu. Na ce, aƙalla ta saya. Dankali na cikin kwando. Na ɗaura atamfar kicin ɗinta, wadda take sawa a gaba in tana girki, a kan shuɗiyar rigata, na sa Norbert fere dankali da laktayarsa a wuya. Wanda ya saba ciyar da makaranta guda, mutum huɗu wasa ne. Agwagwa ta shiga tanda, dankali ya shiga kitse da tafarnuwa. Na tsinko latas a lambu, na buɗe tagogi, na shimfiɗa farin mayafin tebur, na jera farantai. Har fure na yanko na sa a tsakiya. Tun da na zo gidan nan, sai lokacin na ji numfashina ya daidaita.

Muka zauna. Kwalin rigar na kan kujera kusa da ni.

Sha biyu da rabi ta wuce. Na ce mutanen Paris ne, ba sa zuwa da wuri. Ɗaya ta yi. Na mayar da agwagwa tanda kada ta huce. Duk ƙarar da na ji sai na miƙe na leƙa, sai na ga tarakta ce ke wucewa. Cikin Norbert ya fara kuka har ina ji daga inda nake.

"Ghislaine, ko ɗan dankali ɗaya..."

"Ka taɓa ka gani."

Da biyu ta gota, fatar agwagwa ta bushe, latas ya yi laushi. Na zauna ina kallon kujeru biyun nan, sai kan yatsun da ta miƙo mini ranar aure suka dawo mini. Na ce, ashe haka ne. Ta amsa ne don kawai ta rabu da ni a waya. Mai dafa abincin makaranta ta gayyaci matar likita, ai abin dariya ne. Ko ta bugo ta ce kanta na ciwo, ba ta ga na kai ba.

Na ɗauki waya na nufi bakin ƙofa. Norbert ya biyo ni yana cewa, "Ki bari ki huce tukuna." Na ce ya koma ya ci agwagwarsa. Bai jira na faɗa sau biyu ba.

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai na'ura ta ce na bar saƙo. Na bari kuwa. Na ce, "Madam Vauquelin, Ghislaine ce, uwar Fabien, in kin tuna da ita. Abinci ya huce. Mu a wajenmu in mutum ba zai zo ba faɗa yake yi, ko da bai yi boko mai zurfi ba. Na san ba mu kai ku zauna tebur ɗaya da mu ba. Ba komai. Amma ki sani, ɗana yana zuwa coci kafin ya haɗu da 'yarki. Yanzu ga jikata nan zaune ba baftisma kamar 'yar kyanwa, ke kuma ko a jikinki. Allah na gani. A huta lafiya." Na kashe.

Gaskiya na ji daɗi. Har na dawo ciki ina jin daɗi. Na tarar Norbert ya gama da cinya ɗaya ya kama ta biyu, na zauna na ci dankali kaɗan.

Muna cikin haka motar Madam Laborie ta shigo. Ta shigo da kwandon kasuwa a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli tebur, ta kalli furenta, ta kalli atamfar kicin ɗinta a jikina, ta kalli ƙashin da ke farantin Norbert.

"Me... me ya faru a nan?"

Na miƙe. Na ce, "Abin da ya faru shi ne kin manta da baƙina, na rufa miki asiri. Su ma kuma ba su zo ba, sai ki kwantar da hankalinki."

"Na manta? Madam, dîner kika ce."

"Dîner na ce."

"To ai sai takwas."

"Takwas na me?"

"Na yamma mana. Ni ba na yin abincin rana a gidan nan, ban taɓa yi ba."

Na ce, "Na takwas ai souper ne. Wa ke cin dîner da takwas?"

Ta ajiye kwandon a hankali. Ta ce, "Kowa, Madam. Kowa da kowa, ban da ku mutanen arewa da kakata da ta rasu."

Ba wai ban taɓa ji ba ne. A talabijin haka suke faɗa, har a takardun makaranta haka ake rubutawa. Amma wa ke magana irin ta talabijin a gidansa? Uwata dîner take kira da rana, Fada, limamin cocinmu, in ya ce ku zo dîner, da rana yake nufi. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum mai hankali zai ji an gayyace shi dîner ya zauna jiran faɗuwar rana ba.

Norbert ya ajiye ƙashi, ya goge baki, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Norbert, in ka yi dariya..."

"Ba dariya nake ba. Lokacin da nake soja ma an taɓa yi mini haka, na je gidan wani..."

"Ka sani kenan! Ka sani ka yi shiru!"

"Sai yanzu na tuna, na rantse. Yunwa ce ta rufe mini kai."

Madam Laborie ta ce, "To, ba a yi asarar komai ba sai agwagwata. Baƙinki na nan zuwa da takwas."

Sai lokacin saƙon ya faɗo mini. Na zauna.

Na ruga bakin ƙofa da atamfar kicin a jiki. Na kira, na'ura ce. Na sake kira, na'ura. Na tambayi Norbert ko akwai yadda ake janye saƙo, ya ce sai dai in a je a sace wayar. Na ce to mu je gidansu. Ya ce ina ne gidan? Ban sani ba. Fabien ne ya sani, kuma in na tambaye shi sai ya ce me ya faru. Na sake kira na bar saƙo na biyu. Na fara da kyau, na ce a yi haƙuri, an samu rashin fahimta. Sai na ji bakina na cewa, "amma dai dîner da rana ake yi, wannan kowa ya sani." Norbert ya fizge wayar ya kashe.

Na koma wajen Madam Laborie na ce bari na taya ta, tunda cinya biyu ce ta rage, su ma sun bushe. Ta ce kasuwa ta tashi, mahaucin da take saye wajensa ya rufe, za ta yi wainar ƙwai da naman kaza. Na ce wainar ƙwai ga matar likita? Ta miƙo hannu na cire mata atamfarta. Ta ce, "Madam, don girman Allah, je ki wurin iyo ki huta." Ta rufe ƙofar kicin, na ji ta murza makulli.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na kwanta a doguwar kujerar nan da shuɗiyar rigata mai warin tafarnuwa, na ciro carbina. In na ja ƙwaya biyu sai na ji muryata na cewa 'yar kyanwa. Na ce wa Budurwa Maryamu, "Kalmomi masu taushi na roƙa, Uwa. Kyandir ɗin bai kama ba ne?" Norbert na gefe yana minshari da cinya biyu a ciki, hular kaba a fuska. Wasu baƙi suka dawo daga yawo suka faɗa ruwa, matar ta ce mini, "Wurin nan aljanna ne, ko ba haka ba?" Ɗawisu ya ƙwala ihu.

Na riga na sa a raina ba za su zo ba. Amma takwas na gotawa, rana ba ta ma faɗi ba saboda tsawon yinin bazara, sai ga wata farar mota ta shigo. Likita ya fara fitowa, gajere mai fara'a, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya kama hannun Norbert yana girgizawa kamar sun shekara da sabo. Madam Vauquelin ta fito a bayansa. Yau ko kan yatsun ban samu ba.

Aka zaunar da mu a waje ƙarƙashin bishiya. Aka kawo wainar ƙwai. Likita ya ce, "Ah, na zaci agwagwa za a ba mu, a nan kowa agwagwa yake bayarwa." Norbert ya sunkuyar da kai cikin faranti. Mazan suka kama hirar kamun kifi. Mu kuma sai ƙarar cokula.

Ni ba na iya zama da magana a ciki. Na ajiye cokali na ce, "Madam, kin ji saƙona."

"Duka biyun."

"To, na yi kuskure a kan lokaci. Abin da na faɗa kuma, zafin rai ne."

Ta goge baki da ƙyalle. Ta ce, "Kin ce na raina ki. Wannan ban san inda kika samo shi ba. Kin ce 'yata ta raba ɗanki da coci. Wannan ki tambayi ɗanki, don ni na san wanda ke barci har rana ta take ranar Lahadi a gidansu. Da waɗannan biyun kawai kika faɗa, da yanzu ina gida. Kyanwar ce ta kawo ni."

"Na ce a yi haƙuri."

"Ko a jikina, kika ce? Tun yarinyar nan na kwana uku a duniya nake fama da Clémence. Na yi magana da Fada na ƙauyen nan, inda aka yi wa Clémence nata. Na fito da rigar gidanmu na kai an wanke. Tana rataye a ɗakina har yau."

Na ce, "Wace riga?"

"Rigar baftisma. Ta kakar mijina ce. Duk 'ya'yan gidan a cikinta ake yi musu."

Na sunkuya na ɗauko kwalina daga ƙarƙashin kujera, na ture faranti, na buɗe a kan tebur. Ta kalli rigar. Ta kai hannu ta taɓa ɗinkin wuyan, ta daɗe tana kallo.

"Fabien ya san da wannan?"

"A cikinta aka yi masa."

"Kuma kin gaya masa a cikinta za a yi wa Apolline."

"A cikinta, a cocinmu na Béthune. Tun tana ciki na gaya masa."

Ta jingina da kujera ta ce, "Ni ma abin da na gaya wa Clémence kenan. Tawa rigar, namu cocin." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "A bar yarinya ta girma ta zaɓa. Kin ji 'yan banza? Ba yarinyar suke jira ba. Tsoronmu suke ji."

Likita ya juyo ya ce, "Wa ke jin tsoro?" Ta ce, "Ci abincinka, Edmond."

Na zauna ina kallon rigar uwata. Wata bakwai ina ganin laifin Clémence, ina ganin laifin matar nan, ina ganin laifin Paris gaba ɗaya. Ashe rabin abin da ya tare hanya a kan cinyata na ɗauko shi tun daga Béthune.

Na ce, "Tawa da hannu aka ɗinka."

Ta ce, "Tamu ma."

"Tawa ta kusa yi mata kaɗan. In ba yanzu ba, shi kenan."

"Tamu doguwa ce, za ta iya jira." Ta kalle ni ido cikin ido. "Ni ma zan iya jira, Madam. Yau dai ba ni ce na kira mutum na zage shi a waya ba."

Nan ta kama ni, kuma ta san ta kama ni. Da a ce da rana suka zo, ga agwagwa da zafinta, ga ni da bakina mai tsabta, da mun ja, kuma ban san wanda zai saki ba. Yanzu kuwa da me zan ja? In na tsaya a kan riga, ita ma ta tsaya, yaran su ci gaba da ɓuya a bayan zaɓi, Apolline ta yi haƙora, ta yi tafiya, ta shiga makaranta. Ni ba riga zan je na nuna wa Ubangiji ba.

Na mayar da murfin kwalin.

Na ce, "A yi mata baftisma. Ko a buhun dankali ne a yi. Ki ɗauki riga, ki ɗauki coci. Amma wata mai zuwa, ba baɗi ba."

"Wata mai zuwa."

"Kuma 'yar hular, ta wajena za ta sa."

Ta ce, "Tamu da hularta take."

Na buɗe baki, Norbert ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na haɗiye. Na ce, "To abincin bayan coci ni zan dafa. Wannan ba na neman shawarar kowa."

Ta ce, "Dîner?"

Na ce, "Na rana."

Likita ya ɗaga kofinsa bai ma san abin da ake yi wa murna ba. Da za su tafi, ta miƙo mini kumatu, guda ɗaya, a gurguje. Madam Laborie da ta zo kwashe farantai ban ko motsa ba, na bar ta ta kwashe kayanta.

Lahadi da safe, kafin mu fita neman cocin da ke buɗe, na taka bakin ƙofa na kira Fabien. Na ce mun zauna da uwar Clémence, mun gama magana. Wata mai zuwa ne, a ƙauyensu, a rigarsu. Sai na ji ya rufe bakin wayar yana kiran Clémence, na ji suna ƙus-ƙus, na ji ta ce, "Da gaske?" Ya dawo ya ce, "Mama, ke kika yarda? Rigar Kaka fa?"

"Tana cikin kwalinta. Ka gaya wa Mélanie ta daina wasa ta yi aure, kafin asu ya cinye rigar."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji daga bakinsa ba. Ya ce, "To ya wurin? Kin dai huta ko?"

Ɗawisu ya taho ya tsaya a gabana ya ƙwala ihu. Na ce, "Tambayi ubanka," na kashe wayar.